Sawun Namiji a Bakin Murhu

A shekarun da rediyo ke ta faɗin Afirka ɗaya ce, duk baƙar fata ya zo Libiya gidansa ne, mu ma muka ɗauki maganar da gaske. Maigidana ya riga ni zuwa da shekara biyu, sannan ya aiko na biyo shi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da 'yarmu a goye. Ba wanda ya tambaye mu takarda a hanya, mu ma ba mu nemi ko ɗaya ba. Aikin da ya samu gadin wata gonar dabino ne a bayan Zigan, can wajen hanyar Samnu. Gafir suke ce masa, wato mai gadi, amma fa shi ne mai ban ruwa, shi ne mai hawa bishiya, shi ne mai kiwon awaki. Ɗaki ɗaya aka ba mu, na bulo, an rufa shi da rassan dabino. Ga rumfar girki a gefe, ga ɗakin inji mai ƙofar ƙarfe inda ake ajiye buhunan dabino. Gonar da ta fi kusa da mu, kafin ka isa sai ka ji ƙishirwa. Ni dai na so wurin nan. Shi ne ɗaki na farko da na taɓa jawo ƙofarsa na ce nawa ne.

Mai gonar wani dattijon Balarabe ne da ke zaune a Sabha. Ba shi da yawan magana, abu ɗaya kawai ya taɓa ɗaga mini murya a kai. Ranar da ya fara ganina, ya tarar na kafa murhu kusa da tarin busassun rassan da ake sassabewa daga dabino, tari guda da ya fi ni tsawo. Ya dinga nuna murhun yana faɗa da Larabci har jijiyar wuyansa ta tashi. Bayan ya tafi maigida ya fassara mini. Ya ce a ƙasar nan ba abin da ake tsoro kamar wuta a cikin dabino, don in ta kama gona ɗaya sai ta bi iska ta ci ta maƙwabta. Ya ce in hayaƙi ya tashi, ko mutanen da ba sa ga-maciji da juna sai sun zo a guje. Na ja murhuna gefe ina ƙunƙuni, na manta da zancen.

Yarinyar na da shekara huɗu lokacin da ubanta ya faɗo. Lokacin yankan dabino ne, igiyar da yake ɗaura wa ƙugu ta tsinke, ya zo ƙasa a kan ƙafar dama. Ƙarar karyewar ƙashin na ji kafin na ji ihunsa. Na tare motar da ke kai kayan lambu gari, na aika Tayuri, unguwar da mutanenmu suke a Sabha, aka zo mana da maɗori. Ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce kwana arba'in kada ta taɓa ƙasa, in ta motsa ba ruwansa. Sa'ar da muka ci, mai gonar ya tafi neman maganin ido can nesa, sai bayan wata guda zai dawo. Muka yi shawara mu ja bakinmu mu yi shiru. A bakin titin Sabha maza ne zaune kamar an zuba su, kowa da shebur ɗinsa yana jiran aiki. Ranar da aka ji gafir ba ya iya tsayuwa, ranar za a kawo wani, mu kuma a ce mana Allah ya kiyaye hanya.

Sai na zama ni ce gafir. Na koyi kunna inji, na koyi buɗe wa kowane layi ruwa da toshe shi, na kai awaki na dawo da su. Wahala ce, amma ba ita ta hana ni barci ba.

Ni 'yar Damargu ce, kuma babana mai bin sawu ne. In aka yi sata a ƙauyenmu shi ake kira, ya duƙa ya dubi ƙasa ya ce mutum biyu ne, ɗaya na ɗingishi. Ban kai shi ba, amma na tashi da ɗabi'ar kallon ƙasa. A kwana na tara da faɗuwar maigida na ga an yanke nonon dabino guda daga wata gajeriyar bishiya, a gindinta kuma ga sawun da ba na gidanmu ba. Takalmin taya ne, dugadugin hagu ya cinye ta waje, takun mai tsawo. Na ce wani matafiyi ne yunwa ta kama, Allah ya sa ya ƙoshi. Bayan kwana biyu ɗan akuya ya ɓace. Sawun nan dai ne.

Daga ranar na shiga sharar yashi. Kullum da asuba sai na ja reshen dabino na kewaye ɗaki da rumfa da garke, na shafe ƙasa tas. Abin da na gano ya fi satar tayar mini da hankali. Da safe yashin nan lafiya lau. Sai da la'asar nake ganin sawun. Ashe da tsakar rana yake zuwa, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, ko tsuntsu ba ya motsi, ni ma na shige ɗaki na jawo ƙofa. Kuma kullum matsowa yake. Yau a bakin garke, gobe a bakin kwamin ruwa da inji ke cikawa, jibi a bayan ɗakinmu daidai ƙarƙashin taga. A nan ya daɗe a tsaye, don ƙafafun sun nutse cikin yashi.

Da na gaya wa maigida sai ya yunƙura zai tashi, zafi ya mayar da shi, gumi ya karyo masa.

“Miƙo mini addar nan,” ya ce.

“Ka yi me da ita, Malam? Ka jefe shi ta taga?”

Ban kyauta ba, na sani. Ya juya fuska bango. Can na ce ko mu kai ƙara wurin shurɗa, 'yan sandansu ke nan. Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce abin da za su fara tambaya ikama ce, takardar zama, kuma ba mu da ita. Ya ce maganar rediyo daban, ta ofishin shurɗa daban, ya ga waɗanda suka je kai ƙara aka loda su a mota zuwa iyaka. To ina za ni? In na je wa maƙwabta, tambayar farko ita ce ina mijinki, Larabcina kuma bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba.

Na zauna na yi tunani irin na 'yar mai bin sawu. Mutumin nan ƙasa yake karantawa kamar yadda nake karantawa. Ya ga kwana da kwanaki ba sawun namiji a gonar, shi ya sa yake matsowa. To bari na ba shi abin karantawa.

Maigida na da takalmin aiki mai igiya, ƙato, mai nauyi kamar an cika shi da duwatsu. Na cusa tsumma a ciki na zura ƙafata. Bayan shara sai na fita da shi ina buɗa taku, na je ɗakin inji, na bi layin ruwa, na kewaya garke, na dawo. Na wanke rigarsa na shanya, gobe na sake jiƙa ta na shanya a wani wurin. Inda ya kewaye da duwatsu yake salla a ƙofar ɗaki, na dinga zuba ruwan alwala ina ajiye buta da tabarma. Shi kuma na ba shi nasa aikin: da rana ta take, ya riƙa gyaran murya da ƙarfi, irin na maigidan da ya ci ya ƙoshi. Ranar farko da ya gan ni cikin takalmin sai da ya yi dariya har ƙafar ta amsa.

“Sannu da aiki, Alhaji,” ya ce. “A gaida iyali.”

“Ka yi ta dariya. In ka warke kai za ka daka mini gero.”

Kwana huɗu ba sawu. Wallahi har na fara jin kaina. Ina tafe ina cewa a raina, ɗan banza, ka zaci babu kowa?

A rana ta biyar da yamma ina yi wa yarinyar wanka na ga bakinta ja. Na buɗe hannunta, sai ga takardar alewa a dunƙule. Rabon gidanmu da alewa tun sallar layya.

“Wa ya ba ki?”

“Baba mai hula.”

“Wane baba? A ina?”

Ta nuna kwamin ruwa. Ta ce ina barci ta fita, ya kira ta, ya ce gobe ma zai kawo mata, kada ta faɗa wa Inna. Na ce da wane yare ya yi miki magana? Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta. Da irin tamu mana, in ji ta. Na zauna daɓas cikin ruwan wankan. Na je na duba bakin kwamin, ba sawun taya ko ɗaya. Sai da na duƙa sosai na ga shatin reshe. Shi ma ya koyi shara.

Ban san sanda na kai wa yarinyar duka ba, ita da ba ta san komai ba. Tana kuka ina kuka, ubanta na kira daga ɗaki yana tambayar me ya faru. Na faɗa masa. Ya ɗora hannu a kan kararen ƙafarsa kamar zai fizge su. Ban taɓa ganin namiji cikin wannan hali ba, kuma ba na fatan na sake gani. Dabino da awaki duk suka fita raina, ɓarawon ya kwashe su mana. 'Yata yake kewayawa, ni kuma ban san me yake so da ita ba, ban kuma yarda na tsaya na yi tunanin ba.

Daga ranar na ɗaure ta a jikina. Da gaske nake, ɗaurewa da ɗankwali, bakin ɗaya a ƙugunta ɗaya a hannuna, kamar 'yar akuya. Na daina kwanciyar rana. Na zauna a bayan ƙofa da adda a cinya ina sauraren iska, duk reshen da ya motsa sai gabana ya faɗi. Abinci ya daina wuce mini. Na ƙirga kwanakin maɗori na ga saura fiye da ashirin, na ce ya Allah, ashirin fa. Na roƙi maigida mu tafi, ko da jan ciki ne. Ya ce mu tafi ina, da wace ƙafa? Gaskiyarsa ce, amma ranar na ji haushinsa kamar shi ya karya kansa da gangan.

Ranar Juma'a mutumin ya zo. Da na yi hankali da na san haka za a yi, don ita ce ranar da duk wani namiji na gonakin nan ke tafiya masallacin Zigan. Ina rumfa ina tuƙa tuwo, sai na kwance ɗankwalin don kada ta matso wuta, na ce zauna nan kada ki motsa. Juyawar da zan yi na ɗauko gari, na ji sallama a bayana.

Yana tsugune a bakin kwamin ruwa, tsakanina da shi bai fi taku goma ba, kuma hannun 'yata na cikin nasa. Mutum ne kamar kowa, siriri, da hula da 'yar jaka. Da a kasuwa na gan shi da na gaishe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai Hausarsa, tsaf, irin ta wajenmu.

Na amsa sallamar, don baki ya saba. Na ce, “Maigida na ciki yana hutawa. Saki yarinyar na kira maka shi.”

Daga ɗaki maigida ya yi gyaran murya. Ya yi iya ƙoƙarinsa, bawan Allah, amma muryar rawa take.

Mutumin ya yi murmushi ya dubi ƙafata. “Baiwar Allah, takalmin nan ya yi miki yawa. Kwana biyu na yarda, ban ɓoye miki ba. Sai na ga maigidan naku kullum sai ya je bakin murhu sau uku, ya tsuguna ya wanke tukunya. Na ce a'a, wannan ba namijin ƙasarmu ba ne.”

Na dubi ƙasa. Ga shi kuwa, sawun ƙaton takalmi ya kewaye murhu, ya je wurin wanke-wanke ya dawo. Tun da na shiga ruɗun yarinyar, kai tun kafin nan ma, na daina cire shi in na dawo daga kewaye. Ni 'yar mai bin sawu, ni na rubuta masa komai da ƙafata.

Ya ce na jefo masa makullin ɗakin inji. Ya ce akwai mota da za ta same shi a bakin hanya, yarinyar za ta raka shi can don kada na yi masa hayaniya, in ya gama lodi zai sako ta. Yana faɗa yana shafa kanta. Na san ƙarya yake. Wanda makulli kawai yake so ba ya sayen alewa.

Na ƙwalla ihu. “Ɓarawo! Ɓarawo! Jama'a!” A ƙauyenmu wannan kalmar kaɗai ta isa, kafin ka rufe baki gari ya fito da sanduna. A nan ta shiga cikin dabino ta ɓace, ko akuya ba ta ɗaga kai ba.

“Ƙara,” ya ce. “Wa ya san ɓarawo a nan? In ma an ji, shurɗa za su zo. Ina ikamarku?”

Sai na ji ƙofar ɗaki ta buɗe. Maigida ne yake jan ciki, adda a hannu, ƙafar na biye da shi a karkace, kararen sun kwance. Mutumin ya miƙe tsaye ya ja yarinyar baya. Ta fara kuka tana kiran Inna. Ya fara tafiya da ita.

Ba zan ce na yi tunani ba. Hannuna ne ya zaro itace mai ci daga murhu, idona kuma ya sauka a kan tarin rassan nan da dattijo ya yi mini faɗa a kai. Na san abin da zan rasa, na san shi sarai. Na ruga na cusa itacen a gindin tarin.

Busasshen reshen dabino ba ya jira. Kafin na ja da baya wuta ta tashi fuu, ta fi ɗakin tsawo, baƙin hayaƙi ya miƙe sama sak, don ba iska a lokacin. Mutumin ya tsaya ya juyo. Na ga fuskarsa ta sake. Ya daɗe a ƙasar, ya san abin da hayaƙi ke kirawowa. Kuma ranar da ya zaɓa don ba maza a gonaki, ita ce ranar da duk mazan ke wuri ɗaya, da motocinsu a ƙofar masallaci.

“Ke mahaukaciya ce!” ya ce.

“Uwarka ce mahaukaciya! Sakar mini 'ya!”

Na zaro reshe mai ci na yi kansa. Ya hankaɗo ta ta faɗi a yashi, ya juya ya zuba a guje ta bayan garke. Ban bi shi ba. Na sure ta na kai ta cikin kwamin, na ce tsaya cikin ruwa kada ki fito. Lokacin wuta ta riga ta lashi rufin ɗakinmu. Na kama maigida ta hammata na ja shi, yana ihu saboda ƙafar, ina ja ina ba shi haƙuri, takalmin nan na harɗe ni. Ban fitar da ko tsinke daga ɗakin ba.

Suka zo kuwa. Mota bayan mota, mutane da fararen rigunan Juma'a, da shebur da bokiti. Wani ya kunna inji, wasu suka yi ta watsa yashi. Kafin la'asar an ci ƙarfinta. Ɗakinmu ya tafi, rumfa ta tafi, da dabino bakwai manya, waɗanda suka girme ni. Wani tsoho ya tambaya da hannu wa ya kunna. Na nuna ƙirjina. Na nuna yarinyar, na nuna sawun taya da ya miƙe ta bayan garke, wannan karon bai samu damar sharewa ba. Samari suka bi shi da mota har bakin kwalta, a nan ya ɓace. Ba a kama shi ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Bayan kwana uku ɗan mai gonar ya zo. Ya kewaya baƙaƙen kututturan nan, ya dubi maigida kwance a gindin bishiya, ya dube ni. Bai kira shurɗa ba, wannan kam na gode masa har gobe. Ya dai buɗe bayan motarsa ya ce mu hau, ya sauke mu a Tayuri. A hanya maigida ya dubi ƙafata, har lokacin takalminsa ne a ciki, don nawa ya ƙone.

“Cire mini takalmi,” ya ce. “Kin ɓata mini suna, kin kai ni murhu.”

Na so na yi dariya, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ƙafar da ya ja a ƙasa ranar nan ba ta sake miƙewa daidai ba. Bai ƙara hawa bishiya ba, bai ƙara sa takalmin nan ba.

Yarinyar yanzu ta yi 'ya'yanta. Ba ta tuna mutumin, ba ta tuna alewar, na sha gwada ta a fakaice. Abin da ta riƙe kawai shi ne tana tsaye cikin ruwa tana kallon uwarta da reshen wuta a hannu. In muna hira takan ce wa yaranta, ku bi kakarku a hankali, ta taɓa yin fushi ta ƙone mana gida. Su yi ta dariya, ni ma na taya su. Ban taɓa gyara mata labarin ba, kuma ba zan gyara ba.